Kaki Arba'in

Wani mai baƙin tabarau ya shigo shagona a Nima.
Kaki arba'in, ya ce, ban da tambari.
Ya biya da kuɗin da ban san fuskar kansu ba.

Dare goma keke bai huta ba.

Ran Talata rediyo ta ce
jirgi ya kafe a yashi kafin Jamestown,
gwangwanayen kifi cike da harsashi.
Gabas ta ce Yamma ce, Yamma ta rantse.
Maƙwabta suka rufe iyaka,
goron Gariba ya ruɓe cikin mota.

Manya na dara daga nesa,
mu ne tsakuwa.

Yanzu ina warware ɗinki a ɓoye,
ina fitar da wandunan 'yan makaranta.
Guda na kasa taɓawa.
Awon ƙanena ne, Mumuni.