Igiyar Ƙyale-su

Naira dubu bakwai na tura,
kuɗin da na ware don gyaran fanka,
aka buɗe mini darasi goma sha biyu a waya.
Wata Rifkatu ce, daga Jos take magana,
bayanta ciyawa shar, karenta fari kamar an sa masa bula.
Ta ce zauna, ya zauna.
Ta ce kwanta, ya shimfiɗe kamar tabarmar baƙo.

Ni kuwa a Sharaɗa nake, ƙofar sito na uku,
inda buhunan riɗi ke kwana suna jiran tirela.
Alhaji Sammani ya kawo shi a bayan a-kori-kura,
baƙi wuluk, kunne a tsaye, ƙirji kamar turmi,
ya ce, "Tasi'u, ga abokin gadi."
Bai tambaya ba, ni ma ban faɗa ba,
cewa a ƙwaurina na hagu
akwai tabon haƙora huɗu tun ina ɗan shekara tara,
a wani lungu na Gwammaja,
ranar da aka aike ni sayen kananzir.

Na raɗa masa Ƙyale-su.

Da dare, in Isiyaku mai shayi ya kashe risho ya tafi,
sai in jingina wayar da bulo,
in kalla, in maimaita,
data na tsiyaya kamar randa mai tsaguwa.
A darasi na huɗu ya iya zama.
A na shida ya iya jira,
ƙashi a gabansa, yawu na zuba, bai taɓa ba.
In mu biyu ne, da fitilar sola da sauro,
ko soja albarka.

Ranar Laraba Alhaji ya zo da baƙi,
masu sayen riɗi, da wani ƙaninsa
mai fara dariya tun ba a yi abin dariya ba.
"Nuna musu."
Na kama igiya. Tafin hannuna ya jiƙe.
Na naɗe ta sau biyu a wuyan hannu, ban san na yi ba.
Na ce zauna,
muryar ta fito siririya, ba tawa ba,
ta yaron nan ce mai kwalbar kananzir.
Ƙyale-su ya dube ni, ya dubi baƙin,
gashin bayansa ya miƙe,
ya yi haushin da ya watsa tattabarun rufin sito.
Takalmin baƙo ɗaya ya kwana a ƙofa.

Alhaji bai yi faɗa ba.
Ya dai ce, "Naman da yake ci ba kyauta ba ne,"
ya ja gilashin mota.

Daren nan na buɗe darasi na tara,
wanda na tsallake don babu kare a ciki,
Rifkatu ce kaɗai a kan kujera.
Ta ce abin da ke ƙirjinka ta igiya yake gangarawa.
Ba Hausa yake ji ba, ba Turanci ba,
numfashinka yake bi, da warin guminka.
In ka ɗaure hannu, ya ɗauka ga bala'i nan,
sai ya tashi ya tare maka.

Na kife wayar a kan bulo.
Ashe ba kunyata ni ya so yi ba.
Ya ga ina kyarma, ya nemi wanda ya firgita ni,
bai ga kowa ba sai masu riɗi.
Wanda yake nema
ya zama ƙasa a Gwammaja shekara talatin da suka wuce.

Yanzu kafin in taɓa igiya
nakan ja numfashi uku, in sauke kafaɗa,
in bar ta ta yi lanƙwasa tsakaninmu kamar shanya.
Isiyaku na zuba madara yana leƙe,
ya ce, "Wai wa ake horarwa a cikinku?"

Jiya ya lashe mini bayan hannu.
Na je na wanke sau bakwai, ɗaya da ƙasa,
na dawo na zauna inda na tashi.

Asabar Alhaji zai dawo.
Hannun bai daina rawa ba tukuna,
saura darasi uku, data kuma ta kusa ƙarewa.