Inci Ɗaya

Shekara hamsin ina ɗaure abubuwa,
damin harawa, ƙafar maraƙi, ƙyauren da iska ke jijjigawa.
Duk kudancin Alberta an san ƙullin Orvel ba ya kwancewa.
Sai ga kujerar roba, nauyinta bai fi kaji biyu ba,
ta sa ni zufa a tsakiyar Janairu.

Tsohuwar na fara saukowa da ita daga saman rumbu,
wadda Marlis ta zauna ciki tana tsotsar yatsa.
Ɓeraye sun yi gado a soson,
a gindinta kuma an buga shekarar da za ta daina aiki.
Ashe kujera ma da ajalinta.
Na mayar da ita, ban gaya wa kowa ba.

Na shiga kanti a Lethbridge da tef ɗin awo a aljihu,
don bayan a-kori-kurata ba falo ba ne,
ɗan lungu ne da aka yi wa soso.
Mai jiran kantin, Odile, ta ce,
"Kaka, bar duban farashi,
wadda motarka ta karɓa ita ce taka."
Uku muka fitar cikin ƙanƙara.
Ta fari ta turo kujerata har gwiwa ta gaisa da sitiyari.
Ta biyu rabin gindinta yana lilo a iska.
Ta uku ta zauna, ta yi shiru.

A gida na kwashe tarkacen shekaru:
sarƙa, filaya, allurar shanu, safar hannu wari guda.
Kare ya tsaya a bakin ƙofa yana kallona,
ya gane an yi masa juyin mulki.

Tocila a baki, tabarau a karan hanci,
na karanta takardar shafi-shafi.
Gaba haramun ce, jakar iska ba ta san jariri ba.
Baya za ta zauna, ta juya wa hanya ƙeya,
idonta a kan inda muka baro.
Na danna da gwiwa, na ja bel har kafaɗa ta yi ƙara,
na kwantar da buhun sukari a ciki, na ɗaure shi,
na kai shi zagayen gona sau biyu.
Bai yi kuka ba.

Washegari, a ofishin 'yan kwana-kwana,
wani yaro, Anselm, sa'an takalmina,
ya kama kujerar da hannu ɗaya ya girgiza.
Ta yi rawa.
Girma ya faɗi.
"Ba ƙarfi ya gaza maka ba," in ji shi,
"zaro bel ɗin duka, ka sake shi, ka saurara."
Na saurara. Kat, kat, kat, yana cije kansa.
"Inci ɗaya aka yarda ta motsa. Ko ƙasa da haka."
Na yi godiya da muryar da ban saba da ita ba.

Ranar Talata suka fito daga asibiti.
Solvei sunanta. Buhun sukarin ya fi ta nauyi.
Marlis ta cire mata rigar sanyi mai kauri,
maɗauri tukuna, bargo daga sama.
Na daidaita maɓallin ƙirji da hammatarta,
na tsunkuli igiyar kafaɗa, ba abin tsunkula.
Yatsuna da suka karya ƙaho
suna rawa a kan wannan ɗan wuya.

Kilomita saba'in zuwa gida.
Manyan motoci suna wuce ni da ham,
na bar su, sannu ba ta hana zuwa.
Kowane rami a titin nan na san shi da suna,
yau na gaishe su daga nesa.

A madubi ba na ganin komai
sai bayan kujera, baƙi, tsaye cak.
Na ce, "Tana nan?"
Marlis, a takure, gwiwa a haɓa, ta ce,
"Baba, dubi hanya. Ta yi barci."