Shamuwar Manzo

Ran da famfon layinmu ya cika shekara bai ɗiga ba
Manzo ya kwance kan famfon, ya jefa aljihu.
Muka ce tsufa ne.

Alhamis ya dawo daga Kasuwar Dole
da murfin duro, da sarƙar keke,
da ludayin ƙarfen Ta-Sallah da ya huje,
ya zauna gindin dutsen Birni
inda ubansa ya tsufa yana ƙera lauje.

Zugazugi na huci, gawayin ƙirya ya yi ja.
Masaba ba ta gaggawa.
Ta buga, ta huta,
ta sake faɗa wa ƙarfe abin da bai so ji ba
har murfin duro ya sunkuya ya zama fiffike.
Tsatsar kuwa ya bar ta,
ya ce furfura ce.

Kan famfo ya zama baki.
Ƙafafu daga wata mota
da ta mutu a hanyar Mirriya.
Ludayi ne ƙirji, iska na bin hujin tana fito.

Malam Ciroma ya daɗe tsaye,
ya ce, "Me za a yi da ita?"
"Me ake yi da shamuwa?" in ji Manzo.
"A gan ta, a dubi gabas."

Tana kan dutse yanzu, ƙafa ɗaya a ɗage.
Ƴan ga-ruwa na wucewa da jarkoki wayam,
su ɗaga kai.

Jiya Ta-Sallah ta zo cigiyar ludayinta.
Ta gane shi, ta rufe baki da mayafi,
ta koma gida ta dama fura da cokali.