Jan Tumatir

Ja ne ya fara tafiya.
Ban ji fitarsa ba.
Da sassafe na shiga lambu a bakin Galma,
na cika kwando, na ɗora wa Kande.
Ta sauke, ta dube ni:
"Baba, rabinsu ɗanyu ne."
Na ɗaga ɗaya sama ina faɗa,
sai na gan shi fari-fari, kamar tsohon zane.

Idon hagu, in na juya shi,
daga can ciki yake zafi,
kamar an ɗaura masa tsirkiya ana ja.
Na sa kwalli. Na sha rubutu.
Wata uku ina kiran abin gajiya.

Ran Talata muka sauka a Kawo,
keke ya kai mu Mando,
layin asibitin ido har bakin ƙofa.
Likita Kasham ta kashe fitilar ɗaki,
ta kunna 'yar ƙarama, ta leƙa ni
kamar mai neman guga a rijiya.
Ta ce tagar lafiya lau take,
igiyar bayanta ce ta kumbura,
jijiyar da ke kai wa ƙwaƙwalwa saƙo.
Ta ce tsutsa ce, siririya kamar zare,
baƙin ƙudan rafi ke dasa ta a fata,
ta hayayyafa, 'ya'yan su bi jiki har ido.

Dariya ta kama ni.
Shekara talatin ina yaƙar tsutsa a ganye,
tankin feshi goye a bayana,
ashe tawa na ciki, ko haya ba ta biya.
Ƙaiƙayin da na ɗora wa sabulu laifinsa.
Kullutun nan na kwankwaso.
Na tuna masu sandar awo da suka zo gari
suna raba ƙwaya bisa tsayin mutum.
Ina lambu ranar.
Kullum ina lambu.

Ta ce abin da ya rage za a tsare shi.
Wanda ya tafi, ba ta yi alkawari ba.

Yanzu da yatsa nake tambayar tumatir.
Nunanne kan amsa da taushi,
ɗanye ya yi gum.
Kande na biye da ni da kwando,
in na yi daidai ba ta magana.

Galma na wucewa kamar bai san ni ba.
Ni kuwa gobe, in Allah ya kai mu,
da ruwansa zan yi ban-ruwa.