Wasiƙun da Jini ke Kaiwa

Ƙarfe uku na rana, amma Kuopio ta riga ta yi duhu.
Na jera kwalabe shida a injin wulwulawa,
na rufe. Minti saba'in.
Ta taga ina hango tafki ya daskare,
wani ya huda ƙanƙara, ya zauna da ƙugiyarsa.
Ni da shi sana'armu ɗaya.

Abin da nake kamu bai kai ƙwayar zarra ba.
Ekzosom muke ce masa:
ɗan ƙunshi da ƙwayar halitta ke saki cikin jini,
a ɗaure tam,
sai wanda ya karɓa ya san me ke ciki.

Tsokar bangon jijiya aiki ɗaya ta gada:
ta matse, ta saki,
ta matse, ta saki,
shekara sittin ba ta nemi hutu ba.
Rannan ƙunshi ya iso daga inda kitse ya kwanta.
Ta kwance, ta karanta,
ta ajiye aikin gado.
Ta bar mazauninta, ta hayayyafa,
ta shiga tara alli kamar mai son zama ƙashi.
Ita ma ta ƙulla nata, ta aika wa maƙwabciya.
Haka tsegumi ke cin unguwa.

Babana Aulis ya sari itace shekara talatin da huɗu,
man shanu kaurin yatsa a kan baƙin burodi.
Da Likita Rautiainen ta buɗe jijiyar wuyansa,
ta ce wuƙar ta yi ƙaras,
kamar an taka ɓawon ƙwai.

Na daɗe ina kiran tsokar nan maciya amana.
Sirkka, da muke raba tebur, ta ce a'a,
ai murfin da ta saƙa a kan kitsen
shi ya hana shi fashewa tun ina firamare.
Ban ba ta amsa ba. Na je na haɗa kofi.

Injin ya tsaya.
A gindin kwalba babu abin da ido zai gani,
sai na ɗiga alƙalami inda nake zaton suna nan.

Waya ta yi ƙara. Shi ne.
«Ƙanƙarar ta yi kauri?»
Ta yi, Baba.
Shiru. Numfashi. Ya kashe.

Mutumin da bai taɓa rubuto mini layi ɗaya ba,
ga jininsa cike da wasiƙu,
ina koyon baƙaƙensu da daddare.