Gindin Kwalba

Sati uku da binne Honorine,
Fernand ya kifa kwalbar turarenta
a bakin tagarsu ta Grasse,
tabarau na zame masa.

Babu a murfi.
Kwalin kuwa, tuni ta cika shi da zare.
Sai can gindi, ƙanana kamar ƙwayar riɗi:
harafi biyu, lamba uku,
ta ƙarshe yatsanta ya cinye.

Mai kanti ta kanne ido, ta karanta:
"Zubin shekara tara ke nan, ya tsufa.
In kawo sabo?"

A'a.

Da dare ya kifa jan bakinta,
ya shafa wutsiyar bututun man hannu.
Ba shekara yake nema ba.
Inda lamba ta goge,
nan yake ɗora yatsa.