Cinikin Jar Mota

Shekara ashirin da ɗaya tana kwance
a bayan gidanmu na Ƙofar Guga,
ƙofa biyu, dogon hanci, ciki a ƙasa,
tayoyinta sun nutse har wuya.
A kujerarta zabbin Inna Kulu ke ƙwai.
'Yan jari-bola sun taɓa taya ta da kilo,
Inna ta raka su da muciya.

Ran Laraba sai ga Rabe dillali da baƙo,
ɗan Ikko mai farin takalmi.
Ya durƙusa cikin kashin kaji ba ƙyama,
ya haska ƙarƙashinta da fitilar waya,
ya karanta lambar jikinta sau uku
yana motsa baki kamar mai lazimi.

Ya ce 'yar Japan ce, irinta sun yi ƙaranci,
attajiran ƙetare na rububinta,
ba don hawa ba, don a ajiye a riƙa kallo.
Ya faɗi kuɗi.
Rabe ya cire hula, ya mayar.
Ni na ƙirga sifili, na ɓata, na sake.

Daga nan ya soma ragi.
Wannan fitila ba tata ba ce. Ragi.
Kafireton nan na wata ne. Ragi.
Wa ya sake mata fenti?
Wa ya yi walda a nan?
Wa ya ɗinke kujera da fatar rago?

Baba Sada ne.
Da daddare, da aci-balbal, sifana a haƙora,
ya ciro kafireto daga gawar wata tasi
don ta iya kai Inna asibiti
daren da na ƙi fitowa da sauƙi.
Fatar kuwa ta ragon sunana ce.

Ashe duk inda hannunsa ya taɓa
ta nan kuɗin ke yoyo.
Tsatsar da bai kai ga kankarewa ba,
ita ce mai daraja.

Ban ce na sallama ba.
Ban ce albarka ba.
Na tsaya riƙe da makulli
wanda ba ya tayar da komai.

Sai Inna ta fito, ta gifta tsakaninmu,
ta zura hannu ta taga
ta kwaso bakwai, da ɗuminsu.
Ta dubi baƙo, ta ce:
Waɗannan dai na san kuɗinsu,
kuma ba ragi.